Ruwan da Na Rage wa Baba Istifanus

Mutumin da ya fara yi mini Hausa a ƙasar Amurka shi ne ya sace mini akwati. A tashar manyan motoci ta birnin Chicago ne, da hantsi, cikin watan Janairu. Ina tsaye jikin bango ina rawar sanyi, na kasa gane tagar da zan yanki tikiti, sai na ji an ce a bayana, "Malam, sannu da hanya. Daga Kano?" Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido, don kwana biyu ke nan ban ji harshen gida ba. Ya ce sunansa Ɗanjuma, tasi yake ja a garin. Ya tambayi unguwarmu, na ce Gyaɗi-Gyaɗi, ya ce ai ya san wajen sarai, yana da ƙanin uba a Unguwar Gano. Ya nuna mini layin, ya ce, "Je ka yanko, ni zan tsare maka kaya. Ba sa son a shiga layi da akwati."

Na yanko tikiti na juyo, babu Ɗanjuma, babu akwati.

Suturata duk tana ciki, da bargon da mahaifiyata ta saya mini, da kilishi da yaji da kuka. Abin da ya rage mini shi ne 'yar jakar da ke kafaɗata, mai ɗauke da fasfo da takardun makaranta da wata ƙatuwar ambulan mai ruwan ƙasa. Na zauna a kan benci na laluba na ji ambulan ɗin tana nan, sai na yi hamdala. A cikinta akwai ruwan sama na shekara goma sha biyu, da rubutun hannun Baba Istifanus.

Baba Istifanus mutumin Filato ne, amma ya fi shekara ashirin a Kano, yana haya a Tarauni da matarsa Mama Talatu. Shi ne babban akawu a ofishinmu na aikin gona, sashen da ke tattara awon ruwan sama. A ƙauyuka akwai gwangwanayen awo, malaman gona suna dubawa su aiko da abin da suka samu a 'yan katuna. Baba ne yake zuba su a kan manyan takardu masu gida-gida, faɗin tebur, da fensir da rula da kilina, ya haɗa na kowane ƙauye, sannan ya fitar da na shekara. In aka aiko da gyaran lamba ɗaya daga wani ƙauye, sai ya goge layi guda da duk abin da ya rataya a kansa, ya sake daga farko, ba ya ko tsaki. Ni ina ɗan shekara ashirin aka ɗauke ni ƙaramin akawu a ƙarƙashinsa, shi ya koya mini aikin. Kullum da safe yakan biyo ta Gyaɗi-Gyaɗi a kan kekensa, ya tsaya shagon ɗinkin mahaifina su gaisa, mu wuce tare.

Da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a 1979, aka shiga tura ma'aikata ƙaro ilimi ƙasashen waje. Bayan shekara guda gurbi ɗaya ya faɗo ofishinmu. Na Baba ne a ƙa'ida, amma ya ce shi ya tsufa da zaman aji, ya rubuta sunana. Sati uku ya yi yana kwafe mini tsofaffin takardun da hannunsa a lokacin hutun rana, ya ce, "Za su tambaye ka abin da ka zo da shi daga ƙasarku. Kada ka je musu hannu biyu."

Motar ta yi wajen awa shida da ni cikin gonaki, ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara, ba mutum ba dabba. Ta sauke ni a wani ƙaramin gari wanda ba abin da ke cikinsa sai kwalejin aikin gona da rumbunan masara dogaye kamar hasumiya. Na shiga ofishin sashenmu da 'yar shara da siririyar kwat da takalmi sau-ciki, yatsun ƙafata sun daina ji. Wata dattijuwa mai furfura da tabarau ta ɗago daga kan tafireta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ina kayanka?"

Na ce an sace.

"Da wannan takalmin ka zo?"

Na ce da shi.

Sunanta Madam Helen, ita ce sakatariyar sashen, mijinta manomi ne ya rasu. Ba ta yi mini dogon jaje ba. Washegari na tarar da leda a kan kujerar ofis, da babbar rigar sanyi ta mijinta da takalmansa masu gashi a ciki. Sun yi mini yawa, sai na cusa takarda a bakinsu, amma su suka fitar da ni daga hunturun nan da rai.

Watannin farko ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Ɗakina yana ƙarƙashin ƙasa a gidan wani tsoho da ba ya amsa gaisuwa, tagar ɗakin daidai da ƙafafun masu wucewa. Abincinsu ba ya zama mini a ciki. Turancin da nake taƙama da shi a Kano ya zama sai na faɗi magana sau uku kafin a gane. Ranar Juma'a in lokacin salla ya yi, sai in tuna yadda hanyar Zariya take cika da masu tafiya masallaci, ni kuwa ina aji ana zancen takin zamani. Sai in yi azahar ni kaɗai a ɗakin karatu, a bayan kantocin littattafai.

Karatun ma ya ƙi. Kwalejin tana da kwamfuta guda, ƙatuwa, ta cika ɗaki, an kulle ta bayan gilashi. Ba a taɓa ta. Za ka zauna gaban wani inji ka huda katuna, kowane kati umarni ɗaya, ka ɗaure su da roba ka miƙa ta taga, washegari ka zo karɓar amsa. In ka yi kuskuren harafi ɗaya a kati na arba'in, duk aikin za a dawo maka da shi. Sau tara ana dawo mini da nawa. Ran nan santsin ƙanƙara ya kwashe ni a bakin ƙofa, katunan suka watse, iska ta bi da su. Wasu ɗalibai suka taya ni tsincewa, amma wa zai mayar da su a jere? Na koma ɗaki na zauna da rigar sanyin a jikina, na fara tunanin yadda zan gaya wa Baba cewa an kore ni.

Wajen ƙarshen hunturu, wata ranar Asabar da rana, na je ofis ɗaukar wasiƙa, na iske Madam Helen a ɗan ɗakin ajiya gaban wata na'ura da ban taɓa gani ba. Girmanta bai wuce tafireta ba, an ɗora mata allo kamar ƙaramar talabijin, baƙi da rubutu kore. Ta ce, "Jawo kujera ka ga wani abu."

A saman allon haruffa sun jeru, A, B, C, D. A gefen hagu lambobi sun gangaro ƙasa. Duk inda harafi ya haɗu da lamba, gida ne da za ka iya zuba abu a ciki. Tana shigar da nauyin masarar da aka girbe a filayen gwaji ne. Ta ce in zaɓi lamba ɗaya, na nuna. Ta canza ta. Nan take, ina kallo, jimillar da ke ƙasa ta canza da kanta, matsakaicin ma ya canza. Ban san lokacin da na ce "La'ilaha illallahu" da ƙarfi ba. Takardar Baba Istifanus ce sak, gida-gida, sai dai wannan ita take goge kanta ta sake lissafi.

Yanzu jikokina suna buɗe irin wannan jadawali a waya suna hamma. A lokacin ko kalmar manhaja ba mu da ita, kuma abin bai fi shekara ɗaya da rabi da fitowa duniya ba. Madam Helen ta ba ni labarin yadda aka yi. Wani ɗalibi ne a makarantar koyon kasuwanci ya gaji da ganin malaminsa yana goge rabin allo duk lokacin da aka sauya lamba ɗaya, sai ya yi tunanin allon da zai riƙa gyara kansa. Shi da abokinsa suka haɗa shi, akasarin aikin ma a wani ɗan ɗakin saman gida aka yi. Ta ce kafin nan mutane suna ɗaukar ƙananan kwamfutoci kayan wasan yara, amma yanzu manoma da masu kantuna suna sayen na'urar don wannan abu kaɗai. Yana zuwa ne a faifai mai laushi, baƙi, faɗin tafin hannu. Manyan malaman sashen sun raina shi, shi ya sa aka jefa shi ɗakin ajiya, ita kuma ta zauna ta koya wa kanta.

Ta ba ni makulli, ta ce ranakun Asabar da Lahadi nawa ne. Cikin sati biyu na iya. A karon farko tun zuwana na ji ni ma mutum ne. Har na fara koya wa Turawan da ke ajinmu. Madam Helen ta samo mini garin masara da kuɓewa daga wani kanti mai nisa, na tuƙa tuwo a ɗakina, na ci ina dariya ni kaɗai.

Da aka ce kowa ya kawo aikin ƙarshen shekara, sai na buɗe ambulan ɗin Baba. Na tsara kowace shekara a shafinta: ƙauyuka suna gangarowa ƙasa, watanni daga Mayu zuwa Satumba suna tafiya dama, jimillar kowane ƙauye a can ƙarshen dama. Allon ƙarami ne, layi huɗu kawai yake nunawa a tsaye, in kana son ganin sauran sai ka yi ta matsawa. Don haka na yi dabara, na sa babbar amsa, wato matsakaicin ruwan shekara, a gidan farko na hagu, inda zan same ta da sauƙi. In na buga lamba ta ƙarshe, Satumbar ƙauye na ƙarshe, sai in koma hagu in kwafe amsar a littafina.

Azumi ya kama a tsakiyar zafinsu, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Cikin wannan yunwa na gama lissafin ruwan shekarar farko, na gwada da amsar Baba, sai na ga tasa ta fi tawa. Na ce kuskure ne irin na ɗan Adam. Na yi ta biyu, tasa ta fi. Ta uku haka. Duk sha biyun, ba wadda muka yi daidai, kuma kullum tasa ce a sama. Bambancin ba shi da yawa, amma ko sau ɗaya bai karkata ɗaya gefen ba.

Na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya cire tabarau, ya ce, "Kuskure yakan faɗa nan ya faɗa can. Wanda kullum yake faɗawa gefe ɗaya, wani ne yake tura shi. A cikin shekarun nan ba a yi fari a ƙasarku ba?"

Na ce an yi, mai tsanani.

"To wani yana ƙara ruwa a takarda. Wannan shi ne aikinka. Rubuta."

Na san Baba. Na san mutum ne da ko fensirin ofis ba ya tafiya da shi gida. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in rubuta masa, in ce ga abin da na gani, ya duba mini. Na yi tunanin hakan, ba zan ce ban yi ba. Amma watanni shida ina zaman wanda bai san komai ba, yau ga Bature yana kallona da girmamawa. Kuma a zuciyata na riga na yanke cewa na'ura ba ta kuskure. Na rubuta aikin, aka ba ni maki mafi yawa a ajin. Ban tsaya nan ba. Na ɗauki kwafi na aika wa sabon daraktanmu a Kano, wanda aka kawo bayan hawan farar hula, da wasiƙa ta Turanci mai ƙwalisa. Na ce lissafin hannu da ofishinmu ya dogara da shi ya nuna ruwan da bai sauka ba, shekara goma sha biyu a jere, har da shekarun fari. Ban ambaci sunan kowa ba. Ba sai na ambata ba, mutum ɗaya ne yake wannan lissafin.

Amsa biyu suka zo mini da kaka. Ta darakta ta yaba mini, ta ce an sabunta mini tallafin shekara ta biyu, kuma akwai kujera tana jirana. Ɗayar daga Garba ce, mai buga tafireta a ofishinmu. Ya ce an karanta wasiƙata a taron ma'aikata, Baba yana zaune. Darakta ya tambaye shi a gaban kowa ko ya san ƙauyuka nawa aka rage wa hatsin agaji lokacin fari saboda ruwan da ya ƙara musu. Baba ya miƙe ya ce a ba shi sati ɗaya ya sake dubawa, aka ce na'urar Amurka ta riga ta duba. An sa shi ya yi ritaya kafin lokacinsa. Garba ya rufe da cewa, "Da ma suna neman kujeru don mutanensu, kai kuma ka miƙa musu tsani. Allah ya sa ka san abin da ka yi."

Na yi kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Daga nan na lallashi kaina cewa gaskiya na faɗa, kuma ba ni na kore shi ba.

Hunturu na biyu ya shigo. Wata Asabar ina shigar da awon zafin ƙasa na wani malami, da irin tsarina na amsa a hagu, Madam Helen tana tsaye a bayana da kofin shayi. Na buga lamba ta ƙarshe, na koma hagu zan kwafe. Sai ta miƙo hannu ta kan kafaɗata ta danna maɓallin alamar motsin rai. Amsar ta yi tsalle ta zama wata.

Na ce, "Me kika yi?"

"Na sa ta sake lissafi. Ai a hagu ka sa amsarka." Ta ajiye kofin. "Ita daga hagu take farawa, ta gangara layin farko, ta koma na biyu, har ta kai dama. Lokacin da take haɗa amsarka, ba ta kai ga jimillolin da ke dama ba tukuna, sai ta ɗauki tsofaffin. Kullum tana baya da taki ɗaya. Lambar da ka buga a ƙarshe ba ta shiga ba sai ka sake dannawa. Ni ma watan jiya na gano, da ta ba ni kunya gaban shugaban sashe. Da kullum a ƙasa ta dama nake sa tawa, shi ya sa ban taɓa lura ba."

Na tashi na tafi ɗakina da gudu cikin ƙanƙara, na ɗauko ambulan ɗin. Na sake buga shekarar farko daga farko har ƙarshe, na kalli amsar, irin ta da ce. Na danna maɓallin. Ta koma daidai da ta Baba, har ɗigon ƙarshe. Na yi ta biyu, na yi ta uku. Kafin la'asar na gama sha biyun. Ko guda ɗaya bai kuskure ba. Ni ne na zubar da ruwan Satumba na ƙauye guda a kowace shekara, sannan na ce dattijo ya yi ƙari.

Madam Helen ba ta tafi ba, tana zaune a gefe. Na gaya mata komai, har da wasiƙar Garba. Da na gama, sai ta ce, "Da laifina a ciki, da na sani da wuri da na gaya maka. Amma yanzu ka sani. Zo in buga maka wasiƙar, ka faɗa ina rubutawa. Ranar Litinin ta tafi."

Na ce ta bari in tsara kalmomin da kaina.

Na tsara su fiye da sau goma. Duk lokacin da na kai tsakiya, sai lissafi ya shigo mini. In na faɗa wa malamina, makin da aka ba ni ya rushe, kuma a kansa aka ba ni shekara ta biyu. In na faɗa wa darakta, zai yanke tallafin, in koma Gyaɗi-Gyaɗi babu takardar shaida, mahaifina da ya gaya wa duk unguwa ɗansa yana Amurka ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sai in ce bari in gama jarrabawar wannan zango tukuna. Ran nan Madam Helen ta tare ni a baranda, ta ce, "Ka aika?" Na ce na aika. Ta dafa kafaɗata ta ce ta san zan yi. Daga ranar na fara kauce wa ɗakin ajiyar in tana nan.

Bayan wata biyu wasiƙar Baba ta iso. Da Hausa ya rubuta, da rubutunsa mai tsabta kamar na inji.

"Zuwa ga ɗana Habibu. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya cikin sanyin nan. Na sake lissafin nan sau uku ban ga inda na ɓata ba. Mai yiwuwa idona ne ya yi rauni. Ba don aiki nake roƙonka ba, wannan ya wuce. Ka ɗauki shekara ɗaya kawai ka yi mini alama a layin da na kuskure, domin hankalina ya kwanta. In da gaske akwai waɗanda suka kwana da yunwa ta dalilina, ina so in san abin da zan roƙi gafara a kai. Mamanka Talatu tana gaishe ka, tana tambaya ko kana samun abinci."

Na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Na ninke na sa a aljihu. Ban amsa ba.

Sauran zamana a garin ba ni da abin faɗa a kai. Na ci jarrabawa, aka ba ni takarda. Dab da tahowata aka kawo wata sabuwar na'ura da sabon jadawali wanda ya fi na farko girma da sauri, cikin ɗan lokaci kuma ya ture shi daga kasuwa. Madam Helen ta nuna mini, ta ce wannan ya san ya fara lissafa abin da ake jira kafin ya ba da amsa, ko ina ka sa ta. "Ba wanda zai sake faɗawa ramin da ka faɗa," in ji ta. Ita ta kai ni tasha a motarta. Ta ce in gaishe mata da dattijon nan, in ce masa wata tsohuwa a Amurka ta ga aikinsa, ba ta taɓa ganin mai tsabtarsa ba.

Na sauka Kano ana tsakiyar zafin bazara, gari ya cika da hotunan 'yan takara, ana shirin zaɓe. Kwana uku gidanmu yana cike da 'yan sannu da zuwa. A rana ta huɗu da hantsi na taka zuwa Tarauni.

Na same shi a tsakar gida yana zuba wa kaji dusa. Ya rame, tabaransa sun ƙara kauri. A bakin ɗaki akwai kwalaye ɗaure da igiya. Mama Talatu ce ta fara ganina, ta tafa hannu ta ce, "Oyoyo! Habibu ne ya zama Bature haka?" Ta shimfiɗa mini tabarma. Baba ya wanke hannu ya zo ya zauna, muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mahaifina. Ya ce kafin damina za su koma gida Filato, hayar ta yi musu nauyi.

Na ce, "Baba, magana na zo da ita."

"Ina jin ka."

"Lissafinka daidai ne. Duka sha biyun. Ni ne na yi kuskure."

Na yi masa bayanin hagu da dama da maɓallin, ina zana gidajen a ƙasa da tsinke. Ya sunkuyo yana kallo, ya sa na maimaita. Nan da nan ya gane, ya fi ni saurin ganewa. Ya ce, "Wato tana ba da amsa kafin ta gama haɗawa." Har ya yi 'yar dariya. Sannan ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. "Na gode wa Ubangiji," ya ce. "Ashe ba wanda ya kwana da yunwa saboda ni. Talatu, kin ji? Ba kowa."

Mama Talatu tana tsaye bakin madafa, tana share ido da gefen zane.

Ya mayar da tabaransa, ya dube ni da fara'a. "Sannu da ƙoƙari, ka sha aiki kafin ka gano wannan. Yaushe ka gano?"

Da na ce watan jiya, da ya yarda. Na ce, "Wata goma sha huɗu ke nan."

Na ga leɓɓansa suna motsi, yana ƙirga watannin baya.

"Wato da wasiƙata ta same ka, ka riga ka sani."

"Na sani, Baba."

Bai ɗaga murya ba, bai tambaye ni dalili ba. Ya daɗe yana kallon zanen da na yi a ƙasa. Can ya ce, "Talatu, kawo masa abinci." Ta kawo gwate a kwano, ta ajiye ba ta dube ni ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ci abincinka." Na ci.

Da zan tafi ya rako ni har bakin titi, yadda ake yi wa baƙo. A nan ya ce, "Na yafe, don an umarce mu mu yafe. Amma abu ɗaya za ka yi. Ba don ni ba, ni tawa ta ƙare. An buga sabon rahoto da lambobinka. Ka je ka gyara. Wata rana wani zai zo neman sanin ruwan da aka yi a shekarun nan, kada ya tarar da ƙarya."

Na ce zan yi. Ya ce in gaida mutanen gida, ya juya. Ban sake ganinsa ba. Sun tafi kafin ruwan farko, bayan shekara huɗu Garba ya gaya mini ya rasu.

Na rubuta gyaran, na kai wa darakta hannu da hannu. Ya karanta, ya ce, "Kai ka rubuta na farko, kai ka rubuta na biyu, wanne zan ɗauka? Rahoto ya riga ya fita, an rarraba. Ka bar wannan a nan." Ya jefa a durowa. A ƙarshen shekarar sojoji suka dawo, aka cire shi, takardar ta bi shi ko ta bi shara. Kujerar Baba kuwa ni aka ba, kuma na karɓa, na zauna a kanta har na yi ritaya. Kwafin rahoton da ke ofishinmu na bi shi da biro na gyara layi-layi. Na sake rubuta wa manyanmu na sama sau biyu, ba a amsa ba. Sauran kwafin da suka tafi ɗakunan karatu da ma'aikatu ban san adadinsu ba, balle in bi su.

Shekarun baya wata 'yar maƙwabcinmu a nan Gyaɗi-Gyaɗi, mai karatun aikin gona a jami'a, ta kawo mini kundin bincikenta in duba mata, don ta ji an ce na san harkar. A babi na biyu ta kawo jadawalin ruwan saman shekarun fari, ta ce daga wani tsohon rahoton gwamnati ta samo. Tun layin farko na gane lambobin. Nawa ne.